Ranar da Ƙarfen Hamman Ya Daina Kuka

Ranar Lahadi da azahar Edna ta dawo daga coci ta tarar da injinta a kashe, ƙarfen da take gwadawa kuma babu shi. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa ma'auni ba, rediyon da ke kan tebur ma yana nan. Abin da aka ɗauka guntun tagulla ne da bai fi babban yatsa ba, wanda ko ɗan bola jari aka kai wa sai ya yi tsaki.

Edna 'yar Philemon ce, tsohon makanikin manyan motoci da ya ajiye aiki. Ta karanta injiniya, ta dawo unguwarmu, Shagari Lokos, ta mayar da garejin ubanta ɗakin gwaji. Matan ƙauyen Damare masu matsar man gyaɗa ne suka kawo mata kukansu. Suna soya gyaɗa a cikin ganga mai juyawa a kan wuta, amma boris ɗin da ke riƙe da sandar gangar ba ya kai wata biyu. Zafi ya narkar da giris, ƙwayoyin su cinye juna, ganga ta tsaya cak gyaɗa na ƙonewa a ciki. Edna ta ce a rabu da boris, a nemi zoben ƙarfe da zai jure guga da zafi ba tare da mai ba. Wane ƙarfe ne, shi ne ba wanda ya sani.

Sai ta haɗa injin gwaji. Faifan ƙarfe ne mai juyawa, lantarki na gasa shi daga ƙasa, a danna guntun ƙarfe a kansa ya yi ta gogawa har awa arba'in. A auna shi kafin a fara, a auna shi bayan an gama, abin da ya ragu shi ne abin da guga ta ci. Doka ɗaya ce a ɗakin: ba mai, ba giris, domin a jikin gangar ma mai ba ya zama. Tun ranar farko ta kwashe gwangwanayen man ubanta ta kulle a akwati. Wata uku ke nan injin na ƙara mai sa haƙora tsami, mu maƙwabta muna haƙuri a baki, muna zagi a ciki.

Ƙarfe uku sun riga sun faɗi. Na huɗu na Hamman ne, maƙerin tagulla daga cikin garin Yola, haɗin da ya gada wurin ubansa. Saura awa huɗu ya cika arba'in aka neme shi aka rasa.

Kafin la'asar unguwarmu ta gama shari'a. An ga Hamman ya shiga gidan wajen ƙarfe sha ɗaya da jaka a hannu, an gan shi ya fito da ita. Aka ce ya hango ƙarfensa zai sha ƙasa, shi ya sa ya ɗauke kafin a auna. Waɗanda ba su taɓa ganin injin ba su suka fi kowa tabbas. Gogo Asta, shugabar matan Damare, ta aiko cewa ba za ta miƙa gangunan matanta ga mai satar aikin hannunsa ba. Mai unguwa ya ce in Laraba ta wuce ba a ga ƙarfen ba, magana ta koma hannun 'yan sanda.

Shekara arba'in mutane na kai wa Hamman tagullar gadonsu su bari a hannunsa, ba takarda ba shaida. Maƙerin da aka kira ɓarawo ya gama sana'a, ko da alƙali ya wanke shi daga baya.

* * *

Mai unguwa ne ya aika aka ɗauko Bobboyi ranar Litinin da safe. Bobboyi mai bin sawu ne. A ƙuruciyarsa ya sha bin shanun sata daga Girei har bakin iyaka ya dawo da su. Yanzu gwiwa ta ƙi, sai a keke napep yake yawo, kuma bai san komai game da inji ba. Jama'a suka yi dariya a ɓoye, wai za a nemi sawun saniya a kan siminti. Shi dai ya ce duk abin da ya taka wani abu sai ya bar alama.

An yi ruwa ranar Asabar, ƙasar tsakar gidan ba ta gama bushewa ba. Bobboyi ya nuna da sandarsa inda Hamman ya jingine kekensa, da sawun takalminsa daga ƙyaure zuwa ƙofar falo, da inda ya ɗan tsaya har dunduniyarsa ta nutse, da inda ya juya. Sai dai hanyar gareji siminti ce, ba ta riƙe sawun kowa. Ƙasa ba ta kama Hamman ba, ba ta kuma wanke shi ba.

Philemon na zaune a kujera ƙarƙashin dogon yaro, ƙafa ɗaya a kan kujera 'yar tsugune. Ya ce ciwon gwiwa ne ya hana shi zuwa coci, ya sha magani barci ya ɗauke shi, bai ji komai ba. Bobboyi ya yi masa sannu, suka ɗan taɓa hirar gwiwa irin ta tsofaffi, kowa na ganin tasa ta fi ciwo.

A gareji Edna ta nuna masa faifan. Inda ƙarfen ya yi ta gogawa ya bar zobe kamar hanyar da jaki ya yi ta zagayawa. Gefen zoben duk kaushi ne, amma tsakiyarsa baƙi ne wuluk yana sheƙi. Ta ce wannan ne ya fi ba ta takaici. Ƙarfe na kirki idan ya sha zafi yakan yi wa kansa wata fata mai sulɓi da ke kare shi, kuma wata uku tana jiran ta ga irinta. Ga ta ta fito, ƙarfen ya ɓace.

Bobboyi ya sunkuya da ƙyar ya shinshina faifan, ya daɗe. Sannan ya durƙusa yana kallon ƙafar tebur. Kiyashi ne suka yi layi daga wata tsaga a bango, suka hau ƙafar teburin, suka taru a gindin injin inda zafi bai kai ba.

"Kina cin abinci a nan?"

"Ko ruwa ba na shigowa da shi, Baffa."

"To kiyashi ba ya bin ƙarfe, ba ya bin baƙin mai," in ji Bobboyi. "Wannan baƙin naki ba fata ba ne. Man gyaɗa ne ya ƙone."

Edna ta goga yatsa ta shinshina. Ƙamshin ƙuli-ƙuli ne, ba tantama. Ta zauna a kan akwati. Ko an dawo mata da ƙarfen yanzu, awa talatin da shida sun tashi a banza. A ƙarƙashin tebur Bobboyi ya tsinci tsinken tsintsiya ɗaya, bakinsa a ƙone, kiyashi sun lulluɓe shi. Ya kaɗe su ya sa a aljihu.

* * *

Da aka ji maganar man gyaɗa, unguwa ta juya kamar ba ita ta yanke hukunci jiya ba. Yanzu matan Damare ne. Bobboyi ya haye gada ya je can, ya sami Gogo Asta tana shanya gyaɗa. Ta ce man nata ne, ba ta musu, jarka guda ta kai gidan Philemon kyauta a watan jiya, kuma a kicin ta ga an ajiye. Ranar Lahadi kuwa tun asuba tana gona da mata shida, a je a tambaye su. Da ya nuna mata tsinken tsintsiyar sai ta yi dariya. Ta ce ita da ludayi take zuba mai, in hannunta ne da faifan ya yi iyo. Game da Hamman ba ta sauko ba. Ta ce mai ko ba mai, shi aka gani da jaka.

Daga nan ya biya kasuwar Jimeta wurin Jibrilla, mai sayar wa matan boris. Kowa ya san in zoben Edna ya yi aiki cinikinsa ne zai ragu, kuma Jibrilla bai ɓoye cewa ba ya yi wa gwajin fatan alheri ba. Amma ranar Lahadi yana ɗaurin aure a Gwadabawa, ga hotuna a waya, ga hular da aka raba.

"Baba, abeg, dubi shagon nan," ya ce, yana nuna galan-galan a jere. "Baƙin mai kamar ruwa. Ko mai gyaran keke ba zai sa man miya a ƙarfe ba. Wa zai yi wannan kwaɓa?"

Bobboyi ya ce tambaya ce mai kyau. Ya sayi goro a bakin shagon ya tafi.

* * *

Ranar Talata ya je maƙerar Hamman a cikin gari. Wuta a mace take. Tun safe mutum biyu sun zo sun karɓe kayansu, kowa da uzurinsa, ɗaya wai tafiya ta kama shi. Hamman ya miƙa musu bai tambayi dalili ba.

Bai yi rantsuwa ba, bai kuma yi dogon bayani ba. Ya ɗauko jakar ya buɗe. Kwalba ce a ciki, man shafawa da matarsa ke haɗawa na ciwon gwiwa. Ya ce ranar Lahadi ya je ne ya kai wa Philemon, domin ya ji ciwon ƙafarsa ya motsa. Shekara talatin suna dara ƙarƙashin dogon yaron nan, tun Edna ba ta fara tafiya ba. Ya yi sallama sau uku a ƙofar falo ba a amsa ba, ya ce ko barci ne, ya juya da kwalbarsa. Bobboyi ya tambaye shi ko injin na aiki a lokacin. Ya ce a kashe yake, ya ma yi mamaki. Ya tambaye shi ko Philemon ya zo ko ya aiko tun da abin ya faru. Hamman ya daɗe yana gyara zaman kwalbar a cikin jaka kafin ya ce ai mai ciwon ƙafa ne.

Keturah ce ta ƙarshe, mai tuyar ƙosai a gidan da ke kallon na Philemon. Ita ce ta fi kowa tsanar injin, kuma ita ce ta fara ganin Hamman da jaka, ta kuma tabbatar kowa ya ji. Bobboyi bai tambaye ta abin da ta gani ba, ya tambaye ta abin da ta ji.

"Edna ya fita takwas," ta ce. "Abin yana ta ihu kamar kullum. Tara da rabi ihun ya tsaya, amma injin yana gurnani. Na ce Allah na gode. Sai na ji ƙamshin tuya, na ce to, wani ya fara ƙosai a layina. Kafin goma komai ya mutu."

"Hamman fa?"

"Sha ɗaya."

Ta faɗa da bakinta, sannan ta ji abin da ta faɗa. Ta juya ƙosanta.

Da zai tafi, Bobboyi ya tsallaka ya tura ƙyauren gidan Philemon, ya ja, ya sake turawa. Ya sunkuya ya dubi maƙalin da ƙyauren ke juyawa a kai. Sannan ya aika wa mai unguwa cewa a tara mutane gobe da la'asar.

* * *

Aka taru a tsakar gidan Philemon. Mai unguwa da Gogo Asta a kan kujeru, Jibrilla na tsaye yana danna waya, Keturah a bakin ƙyaure, Edna a ƙofar gareji. Hamman ya zauna can gefe a kan tabarma da jakarsa. Philemon na inda ya saba, ƙafa a miƙe. Mu da ba a gayyata ba muka cika katanga.

Bobboyi ya fara da abin da aka riga aka sani, a hankali, kamar mai ƙirga shanu. An sa wa ƙarfen mai da tara da rabi, an kashe injin kafin goma, Hamman bai iso ba sai sha ɗaya. Ya ɗaga tsinken ya ce wanda ya sa man bai zuba ba, ɗigawa ya yi ta jikin tsinke, daidai inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, faifai na gudu, kuma bai ƙone yatsa ba. Wannan hannu ne da ya shekara yana yi. Kuma mai son ɓata gwaji ba ya ɗiga mai da tausayi haka.

Sai ya ce Keturah ta je ta buɗe ƙyauren gidanta. Ta je ta tura, ƙyauren ya yi ƙara har yara suka yi dariya. Duk layin haka suke da damina. Ya ce to ta dawo ta tura wannan. Ta tura, ko motsinsa ba a ji ba.

"Mai unguwa, zo ka duba," in ji Bobboyi.

Mai unguwa ya tashi ya sunkuya. Kiyashi ne a jikin maƙalin ƙyauren, sama da ƙasa, sun yi layi. Haka suke a ƙafar baro, haka a ƙyauren bayi. Bobboyi ya ce Jibrilla ya tambaye shi wa zai sa man miya a ƙarfe. Amsar ita ce makanikin da aka kulle wa gwangwaninsa wata uku, wanda kicin ne kawai ya rage masa.

Ba wanda ya dubi Philemon da farko, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Shi ne ya sauke ƙafarsa daga kujera, ya sa hannu a aljihun wando ya fito da ƙarfen. Yana ƙyalli kamar sabon zobe. An goge shi da samfefa har ba a gane fuskar da ta sha guga.

"Shekara talatin da biyar," ya ce, "ƙarfe bai taɓa kuka a gabana na ƙyale shi ba. Wata uku ina zaune a nan ina ji. Ranar nan ba kowa a gida, kuma na Hamman ne yake kukan. Na ce ɗigo uku, ya huta kaɗan."

Ya ce man ya yi hayaƙi, ya bar baƙi a jikin ƙarfen. Ya san Edna za ta gani. Ya kashe injin ya kwance ƙarfen don ya wanke, kananzir bai fitar ba, ya sa samfefa, sai da ya gama ya tuna cewa aunawa za a yi, kuma ya cinye da hannunsa abin da injin bai ci ba a awa talatin da shida. Yana riƙe da samfefar ya ji sallamar Hamman.

Edna ta ce, "Baba." Ta shiga gareji ta ja ƙofa. Ni dai na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, ban san wanne ya fi yawa ba.

Mai unguwa ya ce tunda abin gida ne, ba maganar 'yan sanda. Gogo Asta ta taso har gaban tabarma ta ba Hamman haƙuri, ta ce bakinta ya riga hankalinta. Keturah ta ce ita dama ba ta taɓa cewa shi ne ba, abin da duk layin ya san ƙarya ne. Hamman ya amsa wa kowa da ba komai. Sannan ya miƙe ya nufi dogon yaro.

"Man ba laifi ba ne, Philemon. Ni ma kunnena ba ya son kukan nan." Ya ciro kwalbar ya ajiye a kan kujera 'yar tsugune. "Amma Litinin kana nan. Talata kana nan. Kana ji ana kiran sunana."

Philemon ya dubi kwalbar. Hamman ya ce a shafa safe da yamma, ya ja kekensa ya fita.

* * *

Bobboyi bai karɓi komai ba sai kuɗin keke napep da kwalbar man gyaɗa da Gogo Asta ta tilasta masa. Ya ce satar shanu ta fi sauƙi, domin in ka dawo da su magana ta ƙare.

Bayan mako guda Hamman ya zubo sabon ƙarfe ya kawo da kansa. A bakin ƙyaure ya tsaya ya miƙa wa Edna, ya ce awa arba'in cif, a bushe, kuma ta riƙe makullin a jikinta. Ƙarfen ya yi kukansa kwana biyar, a rana ta huɗu ya yi wa kansa baƙar fatar da Edna ke jira, wannan karon ba kiyashi ko ɗaya. Kafin a gama cire gyaɗa gangunan Damare sun fara juyawa a kan zoben Hamman, mutanen da tafiya ta kama kuma suka dawo da kayansu maƙera.

Philemon na share ramukan dara kowace la'asar, ya jera tsinke da tsakuwa. Idan Hamman ya kawo wa Edna aiki yakan ɗaga masa hannu daga ƙyaure ya ce sannu da hutawa, yaya gwiwa, kamar yadda ake gaida kowane dattijo, sannan ya hau kekensa.

Edna ta mayar wa ubanta gwangwanayen mansa tun ranar da gwaji ya ƙare. Suna nan a kan taga ba a buɗe ba. Ƙyauren gidan ya fara ƙara, muna jin sa daga ƙarshen layi.